Littattafan Tsalha Bakwai da Na Kai wa Yaya Makka

Tun da na dawo daga Umara abokan aikina a ɗakin malamai suka hana ni sakat. Wannan ta ce, "Malama Hajara, har yau ba ki ba mu labari ba," waccan ta ce, "Kullum sai ki ce sai an samu lokaci." Gaskiya lokaci akwai shi, bakin ne yake yi mini nauyi. Duk ranar da na fara, ba na wuce labarin filin jirgi sai in kasa ci gaba. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk mai so ta karanta.

Sai dai dole in fara da abin da ya girmi tafiyar. Muna yara a Tudun Wadan Zariya akwai wasu 'yan littattafan zane na barkwanci da ake sayarwa a bakin tasha. Jarumin wani siririn ɗan garuwa ne mai suna Tsalha. A kowace fitowa sai ya je ɗiban ruwa ya zame ya faɗa rijiya, in ya ɓullo sai ya tsinci kansa a wani zamani na da. Yau yana tsakiyar yaƙin wani birni mai ganuwa, gobe yana gaban wani mawaƙin Larabawan dauri. Duk inda ya shiga sai ya dagula musu tarihi, sannan ya sake faɗawa rijiya ya dawo gida da garwarsa. Mai zanen bai taɓa sa sunansa ba.

Yayana Nasiru ne yake sayo su. Ya ba ni shekara shida, kuma a bakinsa na fara jin Tsalha, a zaure, yana karantawa yana canza murya. Da su na iya karatun boko tun kafin a sa ni makaranta. Daga baya ya samu tafiya Makka karatu. Da ya zo hutu bayan shekara biyu, sai ya dawo wani mutum dabam. Wata rana da hantsi ya ɗauki kwalin littattafan ya kai bayan gida ya zuba musu kananzir. Ya ce izgili ne ga magabata, kuma zane-zane ne marasa amfani. Ina kuka na fizgi guda bakwai na ɓoye a adudun Inna. Hutu ya ƙare ya koma. Ya yi aure a can, ya buɗe shagon kayan ɗinki a Hindawiyya, bai sake takowa gida ba. Baba ya rasu bai zo ba, Inna ta rasu bai zo ba. Shekara talatin da wani abu, abin da ke tsakaninmu gaisuwar Sallah ce a waya.

Ana nan sai ga saƙon murya daga 'yarsa Ruƙayya, wadda ban taɓa gani ba. Hausarta a karye take. Ta ce, "Gwaggo, Baba babu lafiya, ƙoda ce. Ya ce ki zo, kuma ki zo da Tsalha." Sannan ta ƙara da cewa, "Gwaggo, Tsalha ɗanki ne?"

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Ashe ya san na ɓoye wasu.

Na bi ayarin mata masu zuwa Umara a hutun zango na biyu, da yake shekaruna sun kai a bar ni in tafi cikin ayari ba tare da muharrami ba. Mun bar Zariya da safe za mu hau jirgi a Kano. Muna isa Kwanar Ɗangora taya ta fashe, direba ya duba ya ga tayar ajiyar ma ba iska. Muka zauna a gindin wata bishiya muna cin gyaɗa har kusan azahar. A nan na saba da Hajiya Larai, 'yar kasuwa mai sayar da atamfa, wadda wannan ne zuwanta na biyar. Ita ta zama idona da bakina a tafiyar. Ta tambaye ni tsarabar da na riƙo wa ɗan'uwana, na ce kuka da daddawa da kilishi. Ban ambaci littattafan ba, kunya nake ji, mace mai jikoki da littattafan yara a jaka.

Jirgi kuwa wannan ne hawana na farko. Da ya ɗaga na riƙe hannun Hajiya Larai har ta ce, "Malama, sake ni, ba ni ke tuƙin ba."

A Jidda aka fara da yatsuna. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar nawa, shekara talatin na rubutu da alli sun cinye su. Jami'in ya gwada, ya sake gwadawa, ya miƙo mini wani mai ya ce in shafa, sai a karo na biyar ta amsa. Daga nan sai wajen binciken kaya, inda warin daddawa ya tona mini asiri. Wani jami'i mai furfura kaɗan a gemu ya buɗe jakar, ya ware kilishin gefe ya ce wannan ba ya shiga, ya shinshina daddawa ya yamutsa fuska ya mayar. Sai hannunsa ya kai kan ƙullin zanin da na naɗe littattafan. Ya buɗe na sama, ya faɗa daidai shafin da mawaƙin nan na Larabawa yake zaune a kan kufai yana kukan masoyiyarsa da ta yi ƙaura, Tsalha kuma ya tara garwa a ƙarƙashin haɓarsa yana tarar hawayen, don ya ga ruwa na zuba a banza. Mutumin bai iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ya fashe da dariya har ya kira na kusa da shi. Hajiya Larai ta fassara mini abin da ya ce: su ma suna yara suna da irin waɗannan da Larabci, kuma na da sun fi na yanzu, don na yanzu launi ne kawai babu wayo. Ya naɗe mini su da kansa, ya ce, "Tafi, ya Hajja."

Masaukinmu ɗaki ne mai gado huɗu a hawa na tara. Kwana biyu ina hawa da ƙafa saboda tsoron na'urar hawa bene, sai da gwiwoyina suka ba ni shawara. Famfon banɗaki kuma duk wanda ka murɗa ruwan zafi ne, rana ta dafa tankin. Mun yi Umara a ranar da muka isa. Ba zan iya siffanta muku ganin Ka'aba ba, ga injinan gini sun kewaye masallacin ta ko'ina saboda aikin faɗaɗawa, amma ido ba ya ganinsu. Addu'a ɗaya na yi ta maimaitawa, Allah ya wanke mini zuciya kafin in ga Yaya, don na san da ƙulli na taho.

Washegari Malam Buhari ya zo ɗaukata. Abokin Yaya ne, Bakano, tare suka zo karatu, yanzu tasi yake ja. Ruƙayya na zaune a baya cikin baƙar abaya. Ta fito ta rungume ni ta shiga sumbatar kumatuna, dama, hagu, hagu kuma. Ni da na saba da durƙuso da "ina kwana" ban san inda zan kai fuska ba, sai muka yi karo da hanci. Dariyar da muka yi ce ta fara sa na ji cewa jinina ce.

Gidan yana Ka'akiyya, can bayan gari inda haya ta fi sauƙi, a hawa na uku. Su shigga suke ce wa irin wannan gida. Abin da ya fara ba ni mamaki, ƙofa a kulle da rana tsaka, sai an danna ƙararrawa. Na yi kwana goma sha ɗaya ina zuwa gidan ban ga maƙwabciya ta leƙo aron ludayi ba. Na tuna gidanmu da ba a rufe zaure sai bayan lisha.

Matarsa, wadda kowa ke kira Ummu Ruƙayya, haifaffiyar Makka ce, kakanninta ne suka zo daga ƙasar Sakkwato. Ita ta kai ni ɗakin. Yaya na kwance a kan gado, ya rame ƙwarai, ciwon suga ya tafi da ganinsa, sai haske da duhu kawai yake bambancewa. Na yi sallama, na durƙusa.

"Hajo," ya ce. Tun rasuwar Inna ba wanda ya kira ni da wannan sunan.

"Na'am, Yaya. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

Haka muka yi ta jero gaisuwa kamar waɗanda suka rabu makon jiya. Aka kawo gahawa da dabino a wani ɗan ƙoƙo kamar murfin kwalba. Ina shanyewa sai Ruƙayya ta ƙara, in shanye ta ƙara. Ga ɗaci, ga kunyar in ce ya isa. Sai a na bakwai Yaya ya ji ƙarar butar ya ce, "Hajo, girgiza ƙoƙon. In ba ki girgiza ba har magariba za ta yi ta zuba miki." Da rana aka shimfiɗa leda a ƙasa aka ajiye faranti guda na shinkafa da naman rago, muka kewaye shi. Da safe kuwa wake suke ci dakakke da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Kwana na uku na shiga kicin na tuƙa tuwo da miyar kuka. Warin daddawa ya kori Ruƙayya zuwa taga. Yaya ya ci loma uku, likita bai yarda da fiye da haka ba, ya riƙe ta huɗun a hannu yana shinshinawa.

Bai tambayi littattafan ba sai a rana ta biyu. "Kin zo da shi?"

"Na zo da bakwai."

"Bakwai," ya ce. "Ashirin da uku ne a kwalin."

Na kwance zanin na ɗora masa a ƙirji. Ya yi ta shafa su, ya kai hanci. Sannan ya ce in karanta.

Daga ranar muka samu abin yi. Ban da ranakun da ake kai shi asibiti wankin ƙoda, kullum bayan azahar ina zaune a gefen gado ina karantawa, ina faɗa masa abin da ke cikin kowane zane. Ruƙayya na leƙe ta kafaɗata, ita takan riga mu dariya don hoton take gani, Yaya kuma sai na karanta maganar. Malam Buhari yakan ajiye tasi ya zo ya zauna a kujera a bakin ƙofa. Ashe shi ma tsohon masoyin Tsalha ne, kuma mai taurin kai.

Shi a wurinsa babu kamar fitowar da wani Bature ya sha wahalar wata da watanni yana neman wani kogi don ya ce shi ya gano shi, ya iso a galabaice ya tarar da Tsalha yana wanke garwa a ciki, har yana ce masa ya matsa yana tare wa mata hanya. Malam Buhari ya ce, "Wannan shafi ɗaya ya fi littafin tarihin da aka koya mana a firamare gaskiya."

Yaya ya ce, "Kai dai ba ka san waƙa ba shi ya sa. Na mawaƙin kufai ya fi. Wanda ya zana shi ya haddace waƙoƙin nan, Buhari. Ba a iya yi wa abu irin wannan tsiya sai an so shi. Ni fa sai da na zo nan aka koya mana su a aji, malami na karantawa yana hawaye, ni kuwa garwa kawai nake gani. Sau biyu ana fitar da ni saboda dariya."

"To ai daga fitowa ta goma sha biyar abin ya lalace," in ji Malam Buhari. "Hannu ya canza. Dubi hancin Tsalha, ba shi ba ne."

"Hannu bai canza ba, takarda ce ta canza."

"Wallahi ya canza."

Suka juyo kaina in raba gardama. Na ce ni dai na yaƙin ganuwa na fi so, inda Tsalha yake kai wa na ciki ruwa da safe, na waje da yamma, har mayaƙan suka gane rijiya ɗaya suke sha, kowa ya kama gabansa. Na ce har yau da shi nake buɗe darasin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa, yara su yi dariya sannan in ce to ga yadda abin ya faru da gaske. Dukansu biyu suka ce wannan ai na yara ne. Rabon da in ji Yaya ya ɗaga murya da ƙarfi haka tun a zaure. Ummu Ruƙayya ta ce mini a kicin rabonsa da dariya tun azumin bara.

Rana ta shida Ruƙayya ta jawo ni ɗakinta ta buɗe wata durowa. Cike take da littattafan zane na Larabci masu launi, irin waɗanda dabbobi ke sa rawani da sulke suna kwaikwayon sarakuna da jaruman littattafai. Ta ce, "Baba yake sayo mini, kowace Alhamis, tun ina ƙarama. Shi yake karanta mini, yana canza murya."

Na tsaya ina kallon durowar nan. Na koma ɗakinsa, na manta da rashin lafiya, na manta da girma. Na ce, "Yaya, ita ka sayo mata, ni ka ƙona nawa."

Ya juyo inda muryata take. Sannan ya ce, "Ina da shekara ashirin da huɗu, na karanta littafi uku na ɗauka na gama sanin addini. Maganar zane malamai sun yi sabani, wannan dabam. Amma ko da ina da gaskiya, ba ni da ikon ƙona abin da yake naki. Ranar da na fara sayo wa yarinyar nan, ke na gani tsaye a bayan gida kina kuka. Na sha ɗaukar waya in faɗa miki, sai in ji abin ya yi ƙanƙanta a faɗa, ya kuma yi girma a faɗa. Ki yafe mini, Hajo."

Na ce na yafe. Da na faɗa ban tabbata ba, amma kafin in kai masauki na ji ya zama gaskiya.

Akwai fitowa ɗaya da ya fi nema, kuma ba ta cikin bakwai ɗin, tana cikin waɗanda suka ƙone. Ita ce wadda Tsalha ya ɓullo cikin ayarin alhazan da, masu tafiya Makka a ƙasa. Ya ce in ba shi ita da ka. Na fara, Malam Buhari na cike mini gurbi. Ayari na tafiya, kowane shafi sai Tsalha ya tambayi madugu saura nawa, madugu ya ce bayan wancan tudun ne. A tsaya a wani gari a yi noma shekara biyu, a ci gaba. Gemun Tsalha yana tsawo daga shafi zuwa shafi har ya koma ɗaure garwa da shi. Jaririn da aka goyo a farkon littafi shi ne madugu a tsakiya, kuma shi ma amsarsa bayan wancan tudun ne.

Muna dariya sai Ummu Ruƙayya, wadda ba ta taɓa sa baki a hirarmu ba, ta ajiye tiren shayi da ƙarfi. Ta ce, "Wannan ba abin dariya ba ne. Kakata shekara tara ta yi a wannan hanyar. 'Ya'ya biyu ta binne, ɗaya a Chadi, ɗaya a Sudan. Har ta rasu ba ta yarda a zubar da ruwan da ya rage a kofi."

Malam Buhari ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙansu. A yi haƙuri." Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Amma maganar tudun nan, haka take faɗa. Haka madugunsu yake ce musu. Wanda ya zana wannan, wani nasa ya yi tafiyar." Ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da ni ta ce in ƙarasa.

A nan aka samu matsala. Malam Buhari ya rantse cewa Tsalha ya dawo gida da garwa cike da zamzam, garwar na yoyo, ya iso da ɗigo ɗaya. Yaya ya ce shi bai san ƙarshen ba, don namu kwafin babu shafin ƙarshe. Ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Wata ce ta yage shi ta ƙunsa alewa."

Ni ce. Ina aji uku.

"Amma kin karanta kafin ki yaga," ya ce. "Ya koma gida?"

Na tuna shafin sarai. Tsalha ya iso Makka tsoho tukuf, ya yi ta neman rijiyar da zai faɗa ta mayar da shi zamaninsa, amma duk rijiyar da ya nufa cike take da mutane, babu wurin faɗawa. Zanen ƙarshe shi ne yana raba wa alhazai ruwa, wani na tambayarsa daga ina, shi kuma yana nuna bayan wani tudu. A fitowa ta gaba sai ga shi a gida kamar ba abin da ya faru, mai zanen bai damu da bayani ba. Na so in bi bayan Malam Buhari, don na san abin da Yaya yake tambaya. Amma mutumin da ya nemi gafarata jiya ban ga dalilin yi masa ƙarya yau ba.

"A wannan fitowar bai koma ba, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Malam Buhari ya buɗe baki zai yi gardama, ya fasa, ya ce bari ya je ya duba mota. Ummu Ruƙayya ta ja 'yarta suka fita.

Yaya ya ce, "Da Baba ya rasu igamata ce ta mutu, takardar zama, in na fita ba zan dawo ba, ga mata ga jaririya. Da Inna ta kwanta kuwa takarduna lafiya lau. Kunya ce ta hana ni. Na rasa da wace fuska zan shiga gidan." Ya laluba ya kama hannuna. "Ta yi fushi da ni?"

Na faɗa masa gaskiya. Ta yi fushi shekara da shekaru, ko sunansa ba ta so a ambata. Amma a ciwonta na ƙarshe duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa tana da ɗa a Makka, yana yi mata ɗawafi. Ya ce, "Ina yi. Wallahi duk Juma'a ina yi, har ƙafa ta gaza." Muka yi kuka tare, har aka kira la'asar.

Bayan kwana biyu aka kai shi wankin ƙoda da safe, jininsa ya faɗi, ba a dawo da shi gida ba. Ina masauki ina shirin tafiya wurinsa Ruƙayya ta kira, ba ta iya haɗa Hausar ba, Larabci kawai take yi tana kuka. Hajiya Larai ta karɓi wayar ta saurara, ta ajiye, ta zaunar da ni a bakin gado ta riƙe kafaɗuna.

A Harami aka yi masa salla bayan la'asar. Tun da na zo, bayan kowace salla nake jin ana shelar sallar gawa, in tashi in bi ban san ko su wane ne ba. Ran nan na san ɗaya. Daga inda mata suke ban hango komai ba, sai kabbara huɗu da na ji, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba, daga kowace ƙasa, suna yi masa addu'a. Malam Buhari ne ya bi su maƙabarta. Da ya dawo na tambaye shi ko akwai alamar da za a gane kabarin, ya ce a nan ba a rubuta suna, dutse ne kawai kamar na kowa.

Zaman makokinsu ma dabam yake. Mu da tun asuba ake shimfiɗa tabarmi, gida ya cika, maƙwabta su ɗora tukwane, su sai bayan magariba ake zuwa, kwana uku, a jera kujeru, a sha gahawa, a yi ta'aziyya a taƙaice a tashi. Da rana gidan shiru, mu uku kawai. A rana ta biyu Ruƙayya ta ɗauko littattafan ta zauna kusa da ni ta ce in koya mata haruffan. Muka fara da bango. Ta yi ta fama da harafin farko na sunan Tsalha, harshenta ya ƙi. Da zan tafi na bar mata shida. Na mawaƙin kufai na miƙa wa Malam Buhari a filin ajiye motoci, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Har gobe na Baturen ya fi," sai ya juya mini baya yana goge ido da gefen hiraminsa.

Mun sauka Kano da safe, na isa Zariya bayan azahar. Gidan ya cika kafin in ajiye jaka. Mutane suka rasa da wace gaisuwa za su fara, wata ta ce barka da dawowa sai ta kama bakinta, wata ta ce ya haƙuri sannan ta miƙo hannu a zuba mata zamzam. Ina ta amsawa, idona a bushe, ina raba dabino.

Can aka shigo da Baba Asabe, maƙwabciyarmu ta tun zamanin Inna, ana riƙe da ita saboda tsufa. Ita ta yi wa Inna wankan jegon Yaya. Ta zauna, ta sha zamzam, ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta matso ta ce, "Hajara, ni fa da ƙuruciyarsa na san shi. Ya tsufa?"

Na ce, "Ya tsufa, Baba. Furfura ko'ina. Kamarsu ɗaya da Babanmu, har yadda yake riƙe carbi."

Ta ce, "Ashe har mahaifinki kika gano."

Na ajiye farantin dabinon, na kifa kaina a cinyarta.